Katin Kwali da Sunan Mahaifin Ramatu

Ranar Talatar da ta wuce, a ɗakin malamai, na ji ɗayanku yana cewa ya gyara ekispoze ashirin, wato rubutun binciken ɗalibai, kafin shayinsa ya huce. Na ɗauki ɗaya daga cikin ashirin ɗin na duba. Shafi huɗu ne a kan noman gyaɗa, rubutu tsaf, ba kuskure ko ɗaya, kuma babu inda mai shi ya nuna daga ina ya samo ko da layi guda. Sha biyar bisa ashirin aka ba shi. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Wata uku ya rage mini in ajiye alli, kuma idan na jira taron ban kwana, lemo za a sha a yi hoto a watse. Shi ya sa na rubuto muku wannan, ku sababbin malamai, a kan abin da na yi shekara ashirin da ƴan kai ina yi a nan Tasawa, wato koyar da tarihi da labarin ƙasa, da kuma tilasta wa ƴaƴan mutane su faɗi inda suka samo maganarsu.

Kafin in riƙe alli sai da na riƙe makirfo na shekara huɗu, a wani ƙaramin gidan rediyo na yankin nan. Mai duba labaranmu wani dattijo ne, Malam Idi, mai tabarau ɗaure da zare. Aikina na farko da ya dawo mini da shi layi uku ne kacal. Na rubuta cewa an ce rijiyar wani ƙauye kusa da Maijirgi ta rufta, jama'a suna cikin wahalar ruwa. Ya karanta, ya ɗora jan bik ɗinsa, wato biro, a kan kalma biyu na farko.

"Wa ya ce?"

"A tasha na ji, Malam."

"Tasha tana da baki?"

"Wani direba ne."

"Ya ga rijiyar?"

Ban sani ba. Ya miƙo mini rikoda da kaset ɗaya da pil huɗu, wato batir, ya ce kada in dawo sai da muryar wanda ya leƙa cikinta. Na shiga mota zuwa Maijirgi, daga nan na hau amalanken wani mai kai gero. Na tarar da rijiya lafiya lau, mata suna ja. Abin da ya rushe kwamin shayar da dabbobi ne da ke gefenta, kuma har an fara gyara shi. Direban a bakin mai fura ya ji, ita kuma a bakin wani mai jaki. Lokacin makiyaya suna gangarowa daga arewa, kowa da rediyonsa rataye a kafaɗa. Da an karanta layukan nan uku, da akwai garken da zai kauce wa rijiyar ya yi yini guda yana neman wata.

Da na dawo Malam Idi bai yi faɗa ba. Ya juya takardata ya rubuta tambaya huɗu a bayanta: wa ya faɗa, a ina, yaushe, ta yaya ya sani. Ya ce duk labarin da bai amsa su ba, hira ce, a kai ta gindin bishiya. Da su na fita daga rediyo, da su na shiga aji.

Kayan aikina ba su da yawa. Alli, bik ja, almakashi, da kwalin sukari. Akwai mai shago a bakin kasuwa da yake tara mini kwalayen, ni kuma ranar Lahadi in yanka su gwargwadon tafin hannu. Kowane ɗalibi yana samun kati goma da roba ɗaya ta ɗaurewa. Dokar ita ce kati ɗaya, magana ɗaya. A gaba ka rubuta abin da aka faɗa, a baya ka amsa tambaya huɗun nan. Idan daga littafi ne, sunan mai littafin, sunan littafin, da shafi. Littattafan namu duka kabad ɗaya ce, mabuɗinta yana aljihun sarbeyan, mai kula da ɗalibai, don haka yawancin katunan daga bakin mutane suke fitowa: ƴan kasuwa, ma'aikatan gona, masu haƙar rijiya, tsofaffin unguwa. Sai katunan sun cika ake fara rubutu a kaye, wato littafin rubutu, kuma duk jimlar da ba ta da kati a bayanta, ko dai ra'ayinka ce ka faɗi haka, ko a soke ta.

Ɗalibai ba su taɓa son wannan aiki ba. Sun sa mini suna Mushe Wa-ya-ce, wato Malam Wa-ya-ce, ina ji suna faɗa a bayan taga. Akwai wanda ya kawo mini kati bakwai, duka da sunan kakansa, da ranar hira ta makon da ya gabata. Na ce masa, "Allah ya jiƙan tsohon, ina cikin sahu na biyu ranar jana'izarsa bara. Yaya ka same shi?" Ajin ya ɗauki dariya, shi kuma ya koma ya nemo mai rai. Iyaye ma sun sha zuwa. Wani ɗan kasuwa ya tsare ni a ƙofar lakwal, wato makaranta, ya ce shi jarrabawar bak ta gama sakandare ya turo ɗansa ya ci, ba yawon tambayar tsofaffi ba.

Amsar da nake ba su ba ta canza ba. A nan Tasawa idan ɗalibi ya rubuta abu, na san shi, na san gidansu, na san ko zai iya ƙirƙira. A jami'a wanda zai karanta takardarsa bai san shi ba, bai san garinsu ba, kuma yana da ɗari irinta a kan tebur. Babu mai tsaya masa a wurin sai abin da ya rubuta a ƙasan shafi. Abu na biyu kuma ya fi wannan. Wanda bai saba ware maganar wasu ba, ba ya sanin inda tasa ta fara. Zai cika shafi talatin yana zaton yana tunani, alhali kwashe-kwashe yake yi. A jami'a kuwa abin da ake nema ke nan: ga abin da wane ya ce, ga abin da wane ya ce, ga kuma abin da ni na gani a tsakaninsu. Wannan ba a koyonsa cikin mako biyu kafin a miƙa aiki. Hannu ne yake sabawa, tun ana shekara sha biyar.

Duk da haka ni ne na karya dokar, kuma a kan ɗalibar da ta fi kowa na karya ta.

Sunanta Ramatu, ɗiyar makiyaya ce daga wajen Issawane, tana zaune a gidan wata gwaggonta a nan cikin gari. A ajin tarminal, ajin ƙarshe, ta zaɓi yin ekispoze a kan burtali, hanyar da shanunsu suke bi daga arewa su gangaro ta gefen Maijirgi bayan an kwashe amfanin gona. Ta yi hutu guda tana tattarawa. Ban taɓa karɓar aiki irinsa ba. Sunan kowace mashaya, inda ake kwana, inda hanyar ta tsuke har shanu suke bi ɗaya bayan ɗaya. Na juya katunan. Wuri yana nan, rana tana nan. A gurbin suna kuwa, kati bayan kati, abu ɗaya ta rubuta: manya.

Na tsayar da ita bayan an tashi.

"Ramatu, su wane ne manya?"

Ta dubi ƙasa. "Na gida ne, Mushe."

"Suna da suna ai."

"Baba ne, da ƙannensa."

"To ki rubuta."

"Mushe, ka san ba a yi."

Na sani. A gidajensu ɗiya ba ta kama sunan mahaifinta, ko yana nan ko ba ya nan, kuma mu ma Hausawan gari ba mu rasa irin wannan kunya ba. Na auna a raina na ce yarinya ta yi aiki, ta kuma yi ladabi, ba ni zan sa ta zaɓi ɗaya ba. Na ba ta sha takwas bisa ashirin, na karanta aikin a gaban aji a matsayin abin koyi. Ta ci bak, ta tafi jami'a a Maraɗi tana karatun labarin ƙasa. Ni kuma na ɗauka na yi abin kirki.

Shekarar da na fi ƙi a aikin nan ta zo bayan haka da ƴan shekaru. Yajin aiki ya cinye watanni, da aka koma aka haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya, wasu a kan benci wasu a bakin taga. Salula ta shiga hannun kowa, ekispoze ya zama abin da ake kwafowa a tsaye a ƙofar aji. Na duba abin da ya rage kafin bak, na ce a bana babu kati, a gama darasi kawai. Kwalayen suka taru a wurin mai shago har ya aiko yana tambaya ko na rasu.

A cikin bazarar wannan shekara, wata Laraba da hantsi, na fito daga aji na tarar da Ramatu tsaye a inuwar dogon yaro riƙe da wani kundi. Memuwar ɗinta ce, wato littafin da ɗalibi yake rubutawa ya kare a gaban malamai kafin a ba shi takardar kammalawa. A kan burtalin nan dai ta yi shi, ta faɗaɗa. Bayan gaisuwa ta miƙo mini. Malamin da yake duba aikin ya bi gefen shafuka da jan bik, kalma ɗaya yake maimaitawa da Faransanci: wa? A babi na biyu kaɗai na daina ƙirgawa. A shafin ƙarshe ya rubuta cewa ba zai sa hannu ba, domin ba shi da hanyar sanin ko an yi hirarrakin nan ko a ɗaki aka zauna aka tsara su.

"Kwana nawa ya rage?"

"Ashirin. In bai sa hannu ba, ba ni cikin masu karewa bana. Kuma konkur, jarrabawar ɗaukar aiki ta ma'aikatar kiwo, sai da takardar ake shiga."

"Kin gaya masa mahaifinki ne?"

"Na gaya mashi. Ya ce shi ma yana da mahaifi." Ta dube ni. "Mushe, kai ka ba ni sha takwas a kan wanga aiki."

Ba ta ɗaga murya ba. Na duba jan bik ɗin, irin na Malam Idi ne sak. Na ce ta jira ni. Na je wurin mai shago na karɓo kwali biyu, muka zauna a ɗakin malamai muna yanka.

Ranar Asabar muka kama hanya. Mota zuwa Mayahi, daga nan baburan kabu-kabu biyu cikin rairayi. Rikodar kaset ta daɗe da mutuwa, da salularta za mu ɗauki murya. Mun sami mahaifinta a bakin rijiya wajen azahar, raƙumi yana jan guga, shanu suna jiran layi. Dogo ne siriri, sunansa Buba Altine, yana jin Hausa kamar ɗan Tasawa saboda shekarun cin kasuwar shanu. Ramatu ce ɗiyarsa ta fari, don haka shi ma ba ya kama sunanta. Ke yake cewa, ko yarinyar ga. Na zauna a tsakanin mutum biyu da babu mai kiran sunan wani, ina neman a rubuta suna.

Aka kawo nono muka sha. Na ce ta karanta masa babi na biyu tana mayarwa da Hausa, don ni ma in bi. Ta fara: manya sun ce a da burtalin yana da faɗin da garke zai wuce ba tare da ya taɓa gona ba.

Ya ɗaga hannu. "Waɗanne manya?"

"Ku ne, Baba."

"Mu su wa? Ni da wa?"

Ya juyo wurina.

"Malam, wagga takarda can birni za a karanta ta?"

"Can za a karanta."

"Kuma ba sunana ciki?"

"Babu."

"To in wani ya tashi ya ce ƙarya ce, wa za a zo a tambaya?"

Na ce abin da ya kawo mu ke nan. Ya gyara zama, ya ɗora sandarsa a kan gwiwa.

"Tun ban kai tsawon sandar ga ba nike bin hanyar nan. Na san inda saniya ta karye, na san inda aka kore mu. Yanzu an tashi rubutawa, sai a ce manya? Manya ai har da wanda bai taɓa kiwon akuya ba."

Daga nan aikin ya koma hannunsa. Tana karanta jimla, yana yanke hukunci, ni ina miƙa kati. Wannan tasa ce. Wannan ma tasa ce, amma ba haka ya faɗa ba, mashayar da ya ce ta ƙafe ta gabas ce, ba ta yamma ba. Wannan ta ƙanensa ce. "Shi kuwa bai taɓa wuce Mayahi da shanu ba. A bakina ya ji, ya ƙara gishiri. Ki rubuta sunanshi, ki rubuta ji ya yi." Wata jimlar ya saurara har sau biyu ya ce bai san mai ita ba. Ramatu ta yi tunani ta tuna a wani ɗan littafi ta karanta tun shekararta ta farko a jami'a, ta shige cikin maganar manya ba ta lura ba. Abin da ya zauna a takarda kamar murya ɗaya, kafin la'asar ya rabu gida uku.

Sai muka zo kan jimlar da duk littafin ya dogara a kanta, cewa manoman wajen Maijirgi ne suka cinye burtali da gonakinsu.

"Na faɗi haka," in ji shi. "Ina cikin fushi, shekarar da aka ci ni tara. Amma ni wucewa nike yi, sau biyu a shekara. Wanda ke kwana wurin shi ne Tsahiru, mai masaukina. Ku tai ku tambaye shi. Ku ce mashi ni na ce ɓarawon hanya ne, ku ji mi za ya ce."

Saura katinsa na farko. Ramatu ta cika wuri, ta cika rana, ta cika yadda ya sani. Ta bar layin sama, ta miƙo mini bik ba tare da ta dube ni ba. Da a ce shekarun baya ne da na karɓa. Na sa hannuwana a aljihu.

"Mi ya tsai da ita?" in ji Buba.

Na gaya masa. Ya dubi shanunsa, ba ita ba.

"Ke. Ni ban ce ki tsaya tsakar kasuwa ki kira ni ba. Takarda ce. Sa."

Ta juya mana baya ta ɗora katin a gwiwa ta rubuta. Shi kuma ya jawo salular kusa da bakinsa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da sunan rijiyar, a hankali, kamar mai ba da sanarwa a rediyo, ya ƙara da cewa duk mai shakka ya zo, ana samunsa a nan har faɗuwar ruwa.

Malam Tsahiru muka samu ranar Litinin a wani ƙauye gefen Maijirgi, yana gyaran amalanke. Manomi ne, gajere, mai yawan dariya. Shekara da shekaru shanun Buba suna kwana a gonarsa bayan girbi, su ci kara su bar taki. Na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni.

"Buba ya ce haka? Shi da shanunshi suka cinye mani wake har sau biyu? Ku taho ku gani."

Ya kai mu bayan gari. Ta gefen gabas ruwa ya yanke ƙasa ya yi kwazazzabo mai zurfin da ya fi tsayin mutum. Ya nuna mana kututturen wata bishiya a can ƙasa, ya ce a da ita ce iyakar burtali ta wancan gefe. Da ruwa ya ci rabin hanyar, shanu suka matso cikin gonaki, masu gonaki suka dasa ƙaya.

"Ni ma na matsa, ban musa ba," in ji shi. "Ɗiyata, rubuta Tsahiru ya ce ya matsa. Amma ki rubuta ruwa ya riga ni."

Ta rubuta, da sunansa a sama, ba gardama. Ta auna faɗin abin da ya rage da taku, ta ɗauki hoton kwazazzabon, ta nemi mutum biyu a garin ta tambaye su daban-daban. Ɗaya ya goyi bayan Tsahiru, ɗaya ya ce tun kafin ruwan an fara matsawa.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a gidan gwaggonta tana sake babin. Ban rubuta mata ko kalma ba, nawa dai in karanta in tambaya. Tsohon babin yana cewa manya sun ce manoma sun ci burtali, ya tsaya nan. Sabon yana cewa ga abin da makiyayi ya gani yana wucewa, ga abin da manomi ya gani yana zaune, ga inda suka saɓa, ga abin da ƙasar wurin ta nuna. A ƙarshe akwai shafi biyu da babu kati ko ɗaya a bayansu, domin nata ne, kuma kowa zai iya ganin nata ne. Tun tana tarminal ya kamata a ce ta rubuta shafi biyun nan. Ni na jinkirta su da sha takwas ɗina.

Malamin ya sa hannu ana saura kwana uku. Ranar karewa na nemi izini na shiga motar Maraɗi tun da safe. Ɗaki ne ƙarami, malamai uku a gaba, mu ƴan kallo a baya. Ta yi bayaninta, aka shiga tambayoyi. Wata malama a cikinsu ta buɗe wajen ƙarshen kundin ta ce yawancin babi na biyu ya rataya a kan mutum na farko a jerin waɗanda aka yi hira da su. Wane ne shi, kuma me ya sa za a yarda da shi?

Na san inda tambayar za ta kai ta.

"Mahaifina ne. Sunansa yana shafi na sittin da biyu, layin farko, muryarsa kuma tana cikin abin da na miƙa. Ya fi shekara arba'in yana kora shanu ta hanyar. Amma sau biyu a shekara yake wucewa, shi ya sa ban tsaya a kansa shi kaɗai ba. Mutum na huɗu yana musa shi, kuma a kan kwazazzabon na huɗun ne ya fi gaskiya."

Malamar ta duba shafin, ta karanta sunan da kanta da ƙarfi, ta ɗaga kai ta dubi Ramatu, ta wuce tambaya ta gaba. An ba ta takardarta, ta shiga konkur a kan lokaci.

Da na dawo Tasawa washegari na shiga ajin nan mai cunkoso da kwali a hammata. Saura mako biyar a yi bak. Suka yi gunaguni, na raba katunan.

To ku da za ku karɓi azuzuwan nan, ban ce ku yi amfani da kwalin sukari ba. Ku yi da salula in ita ta fi muku, ai ita ma tana nuna wanda ya rubuta abu da ranar da ya rubuta, idan an koya wa ɗalibi ya duba. Amma ku juya takardar ku nemi tambaya huɗun nan, kuma ku fi tsanantawa a kan ɗalibin da kuka fi so, domin a kansa ne hannu yake yin sanyi. Ekispoze ashirin ba sa gyaruwa kafin shayi ya huce. Ni guda ɗaya na taɓa gyarawa da sauri, sai da na je har Issawane na sake shi. Almakashin yana cikin aljihun teburina na hagu, mai shagon kuma na gaya masa wani zai zo.

Bayan kaka na wannan shekarar na haɗu da Buba a kasuwar shanu ta nan Tasawa, yana duba bakin wani bijimi. Muka gaisa, bai saki leɓen bijimin ba.

"Malam, an karanta sunan nawa?"

"An karanta, a gaban jama'a."

"Da na Tsahiru?"

"Nasa yana ciki."

"Wa aka fara sawa?"

"Kai ne na ɗaya. Shi na huɗu."

"To." Ya ci gaba da duba haƙoran. Har na yi sallama na juya, sai ya sake magana.

"Nata fa? Yarinyar."

"Nata yana bangon littafin, da manyan baƙaƙe. Sai an wuce shi ake isa naku."

Ya saki bijimin, ya goge hannu a rigarsa.

"A bar shi nan," in ji shi.